Taransifomar da Muka Sa a Rumbu

In ka bi hanyar Isa zuwa Sabon Birni ka ga taransifoma da jan fenti a gefenta, an rubuta wata shekara da ba ta zo ba tukuna, to hannun Na'Allah ne. Yanzu ba su da yawa, ɓarayi sun kwashe galibinsu, amma da can har Bafarawa da Gatawa akwai rubutun nan nasa. Shi taubashina ne, ɗan ƙanwar babana. Ni kuwa sunana Is'haƙa, magini ne ni, kuma ina so a sani tun farko cewa a duniyar nan babu mahaluƙin da ya taɓa ɓata mini rai kamar mutumin nan.

Tare muka tashi. Ni na bi babana ginin laka, shi kuma da aka zo jawo wuta yankinmu sai ya shiga leburanci, yana haƙa ramin turaku. Daga haƙa rami ya koma hawa, daga hawa aka ba shi kula da taransifomomi, ya yi shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki kafin ya yi ritaya. Gajere ne, kunnensa na hagu ba ya ji sosai, kuma na lura ciwon kunnen yakan tsananta daidai lokacin da ake gaya masa abin da ba ya son ji.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Sanda ce ta icen kanya, da kwalba fara, da tsohon bakin fartanya, da wata na'ura mai hannun murzawa ta gwada lafiyar cikin taransifoma da yake kira mega, sai gwangwanin jan fenti. Ba ya zuwa duba taransifoma sai da bazara, kuma sai ƙarfe uku na rana, lokacin da ko kaza ta nemi inuwa. Sai ya kafa bakin sandar a jikin ƙarfen, ya sa ɗaya bakin a kunnensa mai ji, ya lumshe ido kamar mai sauraron wa'azi. Daga nan ya taɓa ta da bayan hannu, sama da ƙasa. Ya tatsi mai kaɗan ta ƙasa a kwalba, ya ɗaga a rana ya duba launinsa, ya sansana. Ya tambayi masu unguwa injin niƙa nawa aka ƙara bana, masu walda nawa. In ya gama sai ya rubuta shekarar da yake ganin za ta mutu.

Ya sha yi mini bayani ba tare da na tambaya ba. Wai a cikin tankin nan waya ce naɗe da takarda, an nutsar da su a mai. Mai ana iya canzawa, takarda ba a iyawa, saboda haka ran taransifoma takarda ne. Abu biyu ke tsufar da ita, zafi da ruwa. Wai in zafin ya ƙaru ɗan kaɗan kawai ya zauna a haka, rabin kwananta ya tafi. Yakan ce a birni akwai ɗakin gwaji da ake kai man a auna a faɗi abin da ya fi nasa daidai, shi dai ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Mutane ba sa son wannan rubutu. Wata rana a kasuwar Bafarawa wani dattijo ya tare shi ya ce Allah kaɗai ya san ajali. Na'Allah ya ce, “Haka na, Baba. Amma in anka kawo maka akuya ba haƙori ko ɗaya, ka ce 'yar bana ce?” Abin haushin shi ne ba ya cika kuskure. In ya rubuta shekara, da wuya ta zarce da fiye da damina guda. Kuma yana da wata muguwar ɗabi'a: in ya dawo ya tarar an ƙara mata kaya, sai ya soke lambar ya rage. Ragewa kawai ya iya. Ba a taɓa ganin ya ƙara wa wata ko da wata guda ba.

Ta garinmu shi ya rako ta a bayan mota, shi ya sauke ta a kan dakali tsakanin turaku biyu a bayan makarantar firamare. Bayan bazararta ta farko ya rubuta mata 2035. Da ita ake niƙa, da ita ake cajin waya, amma babban aikinta shi ne injin rijiyar burtsatse da ke cika tankin gari.

Sai zaman lafiya ya ƙare. Aka sare wayoyi a daji, babu mai iya zuwa gyara, wuta ta tafi ta yi shekara shida. Na'Allah ya yi rashin lafiya a shekarar farko, 'yarsa Firdausi ta zo ta tafi da shi Sakkwato. Tankin gari ya bushe, mata suka koma ɗebo ruwa a rijiyar fadama, tafiyar rabin sa'a bayan gidan ƙarshe, wurin da ko namiji ba ya zuwa da kwanciyar hankali. Matata Tani tana cikinsu. Kullum da safe in ta ɗauki jarka, ni ba na iya haɗiye ko koko sai na ji sallamarta.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ɓarayi suka gane cewa a cikin taransifoma akwai jan ƙarfe da mai. Ta ƙauyen da ke gabas da mu aka wayi gari an fafe ta kamar duma. Ta yamma ma haka. Kowa ya san in tamu ta tafi, ta tafi ke nan, don babu direban da zai yarda ya ɗauko mana wata a babbar mota ta wannan hanya. Maigari Attahiru ya tara mu ya ce a kawo shawara. Wani ya ce a binne ta, wani ya ce a yi mata tofi a bar wa Allah. Ni na ce a ba ni laka da ciyawa da mako biyu.

Ba yabon kai ba, rumbun da na gina a kanta ban taɓa gina irinsa ba. Na tayar da shi zagaye-zagaye, ciki ya buɗe, wuya ya tsuke, na shafe shi sumul, na ɗora masa jinka. Ban bar ƙofa ba, ban bar ko kafar da ƙadangare zai shiga ba, baki ɗaya ne a sama kamar kowane rumbu. Don kada wani ya leƙa ya gane, muka jera dammunan gero a kanta har wuya. Turakun nan biyu kuwa aka ɗaura igiya a tsakaninsu, mata suka mayar da wurin mashanya. Sau biyu ana ganin baƙin fuska suna zagaya bayan makaranta suna dube-dube, suka tafi hannu rabbana. Shekara biyar ina wucewa ta wurin ina jin kaina kamar gwamna.

Bana, farkon bazara, aka zo da rakiyar jami'an tsaro aka gyara layi. Ma'aikatan sauri suke yi su bar daji kafin la'asar. Muka kwashe geron sama-sama, suka zura wayoyi ta bakin rumbu suka ɗaura, suka yi dariya, suka ce ranar Juma'a za a saki wuta. Ranar Laraba sai ga Na'Allah a bayan babur, ya rame, da jakarsa a cinya. Ko gida bai shiga ba ya zarce bayan makaranta, aka aiko a kira ni.

Ya ce, “Is'haƙa, ina taransifomata?”

Na ce, “Ga ta nan gabanka.”

“Ni rumbu nika gani.”

“To madalla. In kai da kak kawo ta ba ka gane ba, ɓarawo na za shi gane?”

Ina jira ya ce sannu da aiki. Sai ya zagaya rumbun sau uku yana ƙwanƙwasa shi da sanda, ya dawo ya tsaya.

“Ina ƙohwa?”

“Ka taɓa ganin rumbu da ƙohwa?”

“To ta ina taka shan iska?”

Na ce, “Kai taubashi, ciwon har ga kai yat taɓa ka? Ƙarhe na shan iska?”

Ya juya mini kunnen hagu ya nufi gidan Maigari.

A zauren Maigari aka yi ta. Shi Maigari ya riga ya yi lissafinsa, kuma duk garin lissafin ke nan, har da ni. Ya ce, “Malam Na'Allah, kai da hannunka kar rubuta 2035. Shekara shida ba ta ɗauki kaya ba, kwance take tana hutawa cikin inuwa. A ƙara shida, ya zama 2041. Jakin da anka ɗaure shekara shida ba kaya, ai ƙiba shika yi.”

Na'Allah ya ce, “Ranka shi daɗe, jaki ana ba shi harawa. A aje galma cikin damshi shekara shida a ga in ƙiba taka yi.” Sai ya yi bayani. Wai akwai wata 'yar kwalba a gefenta mai tsakuwa shuɗiya, ta nan take numfashi, tsakuwar ke tsotse damshin iska kafin ya shiga mai. In ta ƙoshi sai a canza ta, ga shi shekara biyar babu wanda ya gan ta. Kuma ko da lafiyarta ƙalau, in ta fara aiki zafi za ta fitar, mu kuwa mun sa ta a tukunya mun rufe. Ya ce, “In anka sako mata wuta haka, ba ta kai ƙarshen bazara. Wataƙila ma ba ta kai la'asar. A rushe rumbu.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mutumin da ke kwance a Sakkwato ƙarƙashin fanka lokacin da muke tsaron ƙarfensa, shi ne yau zai zo ya ce a rushe? In aka rushe ɓarayi suka gani fa? Zaure ya goyi bayana. Maigari ya ce a bar rumbu yadda yake, in an ga wata alama a duba. Na'Allah ya ce alamar da za a gani hayaƙi ce, ya ɗauki jakarsa ya fita.

Ranar Alhamis da hantsi, layi bai da wuta tukuna, ya zo da wata doguwar sanda irin ta ma'aikatan wuta, a gaban matan da ke shanya, ya zaro fiyus ukun da ke saman turaku ya zuba a jaka. Babu fiyus, babu wutar da za ta shiga taransifoma. Ranar Juma'a muna fitowa masallaci aka bugo daga Sabon Birni ana murna wuta ta zo. Wayar da ke kanmu na ɗauke da wuta, mu ko ƙwan fitila ɗaya bai kama ba. Muka tarar da shi zaune a inuwar rumbuna, ya ɗora ɗuwawu a kan jakar.

Aka yi lallashi, aka yi zagi. Masu injin niƙa suka ce za su ɗaga shi cak. Ya ce su ɗaga, amma su fara shawarar wanda zai hau ya mayar. Maigari ya bugi shugaban ma'aikatan a waya, ashe tsohon yaron Na'Allah ne a wurin aiki. Ya ce in Baba Na'Allah ya ce kada a sa, shi ba ya sawa. Kwana huɗu muna haka. Da safe ya zo ya zauna, da magariba ya tafi da jakarsa, ni kuma na rantse ko ɓanɗare ɗaya ba za a cire a jikin rumbun nan ba.

Ranar Talata da safe mata suka shigo gari a guje, babu jarka ko ɗaya a hannunsu. Sun ji ƙarar babura daga daji. Allah ya kiyaye ba a taɓa kowa ba, ba mu ma san ko su waye ba, amma Tani ta faɗi ta fasa gwiwa. Na zauna ina wanke mata ciwon. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, “Malam, shi yana riƙe da hiyus, kai kana riƙe da laka. Ni mi nika riƙe da shi? Gobe ma za ni rijiyar, don ba ku shan laka, ba ku shan hiyus.”

Na ɗauki diga na fita. Na tarar da Na'Allah a wurin zamansa, na ce ya matsa. Ya dube ni, ya dubi digar, ya ja jakarsa gefe. Na gode wa Allah da bai ce komai ba, don da ya buɗe baki ban san inda digar za ta sauka ba. Ginin mako biyu, kafin azahar ya zama tarin ƙasa. Ya yi tauri ƙwarai, ko a rushewar ma an ga aikin magini.

Warin da ya fito shi ya fara kashe mini baki. Geron da ke can ƙasa ya ruɓe ya yi baƙi, ɓeraye sun yi gari. Ashe jinkar tana yoyo ta gefe ɗaya, damina biyar ruwa na ɗiga daidai kan murfi, tsatsa ta ci bakin. Tsakuwar nan shuɗiya ta koma fari-fari da ja-ja. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A gefen tankin kuwa ga 2035 nan ƙarƙashin datti, kamar tana yi mana dariya.

Na'Allah ya tatsi mai a kwalba, muka ɗunguma bayansa zuwa maƙerar Ɗanmusa. Ya sa bakin fartanyarsa a wuta ya yi zafi, ya fitar, ya ce kowa ya yi shiru. Mai in babu ruwa, hayaƙi kawai yake yi. Ya ɗiga. Sai ji muka yi tas-tas-tas, kamar an yarfa ruwa a kaskon ƙosai. Maigari ya cire hula ya sosa kai ya mayar.

Muka koma, aka kwance wayoyin, Na'Allah ya ɗaura megarsa ya murza, ya daɗe yana kallon allurar. Sannan ya buɗe gwangwanin fenti, ya ja layi a kan 2035, ya rubuta 2028 a ƙasa.

Na ce, “Bakwai? Shekara bakwai za ka ɗora a kaina gaban jama'a? Da ban gina ba, da yanzu tana wurin 'yan gwangwan an auna ta a sikeli!”

Ya ce, “Na sani. Rumbunka ya tsare ta daga ɓarawo, kuma ya ci mata bakwai. Duka biyun gaskiya na. Amma henti ɗaya kawai shika rubutawa. Kuma shekara ukun da sunka rage mata ma sai in kun ji magana.”

Kwana tara ya yi a kanta. Ya tsiyaye man duka, tsohon yaronsa ya aiko da sabo a duro biyu daga Sabon Birni. Ya kankare tsatsa, ya canza robar murfi. Tsakuwar nan ya gasa ta a kasko yana juyawa kamar mai suyar gyaɗa har ta koma shuɗiya. Kullum ya murza mega, ya girgiza kai, ya ce sai gobe. A kwanakin nan maza muka riƙa raka mata rijiya da kanmu, abin da ya kamata mu yi tun shekara shida ba mu yi ba. Rana ta goma ya mayar da fiyus. Ta yi gurnani, ya kafa sanda a kunne, garin duka ya zuba masa ido. Kafin la'asar ruwa ya fara zuba a famfon bakin tanki. Har a ranar bai bar mu mun yi murna yadda muke so ba. Ya kafa doka: rijiya ce farko, niƙa da safe, walda da yamma, daga azahar zuwa la'asar kowa ya sarara mata.

Saura maganar ɓarayi, wannan kuwa ta dawo kaina. Na ce za a sake gini, ya ce a'a sai dai yadda ya faɗa. Bango mai kafofi kamar rariya, ƙofar ƙarfe daga Ɗanmusa, rufin kwano a ɗage sama da bango da kamu biyu. Ni da na gaji gini tun kakanni, mai haƙa ramin turke ke tsaye a kaina yana cewa kafar nan ta yi sama, waccan ta yi ƙasa, iska ta ƙasa take shiga ta fita ta sama. Sau biyu yana sa ni rushe bangon gabas. Da na gama, abin ya fito kamar akurkin kaji na wani attajiri. Ban taɓa gina abu mai muni irinsa ba, kuma na gaya masa.

Ƙarshen bazara, ana saura kwana kaɗan ruwan farko, ya aiko a kira ni ƙarfe uku na rana. Na je ina mita. Ya buɗe ƙofar, ya kafa sanda ya saurara. Ya taɓa ta da bayan hannu, sama da ƙasa. Ya tatsi mai ya ɗaga a rana. Sai ya tsuguna ya sa tafin hannu a kafar bangon gabas, ya daɗe a haka yana jin iskar da ke shiga. Ya miƙe da ƙyar, ya buɗe gwangwani. Na ce a raina shi ke nan, yau kuma nawa za a rage.

Ya soke 2028 ya rubuta 2029.

Na ce, “Ɗaya? Rumbuna na rushe, bango sau biyu, duk ɗaya tak?”

Ya ce, “Shekara talatin da ɗaya ban taɓa ƙara ma kowa ko wata guda ba. In ba ka so in goge.”

Na ce ya bar ta. Ya rufe gwangwaninsa, ya juya mini kunnen hagu ya tafi, ko sannu babu. Na koma gida raina a ɓace, kuma har yau in na tuna sai na ji haushi. A hanya na wuce Tani a bakin famfo, tana tsaye tana hira, jarkarta na cika, taku arba'in daga ƙofar gidanmu. Na zauna a zaure na yi lissafin ɗayan nan da ya ba ni. Safiya ɗari uku da sittin da biyar ce da ba za ta je rijiyar fadama ba.